Farfesa Andrew Nok da Asirin Ciwon Sammore

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya, Kontagora



Shugaban wannan taro, iyayenmu malamai, dattawan ƙungiya, 'yan'uwa 'yan kasuwa, iyayenmu mata, da samari 'yan makaranta da ke tsaye can baya, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma gode wa shugabanni da suka ba mu wannan dama. Da aka ce mu yi magana a kan wani daga cikin masanan Arewa, wasu sun ɗauka malamin fiƙihu za mu ɗauko ko marubucin tarihi. To mu 'yan kara ne, iyakar karatunmu Islamiyya da abin da kasuwa ta koya mana, saboda haka muka zaɓi mutumin da aikinsa ya taɓa aljihunmu kai tsaye, ko da yake da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunansa ba. Shi ne Farfesa Andrew Jonathan Nok na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda ya kwashe mafi yawan shekarun aikinsa yana bin diddigin ciwon sammore. Takardunsa da Turanci suke, Turancin ma irin na masana, sai da muka zaunar da yaranmu da suka yi karatu a Samaru suka yi ta warware mana har muka kama bakin zaren. Abin da muka kama shi muka kawo muku, da irin harshenmu na kasuwa.

Babu wanda ke zaune a nan da bai san sammore ba, sai fa wanda bai taɓa riƙe igiyar saniya ba. Ka sayi bijimi a Mariga, lafiyayye, tozo a tsaye, ka kai ruga a riƙe maka kafin Babbar Sallah. Bayan wata biyu ka je dubawa, ka tarar gashinsa ya tashi, ido na zubar da hawaye, kaluluwa ta fito a gaban kafaɗa, garke na gaba shi yana baya. Yana cin ciyawa amma kullum ƙara zubewa yake yi, wani har ƙasa yake lasa. In ka ɗaga leɓensa ka duba dasashi, ko ka buɗe fatar ido, maimakon ja sai ka ga fari fat kamar an wanke. Mai ciki ta yi ɓari, mai nono nonon ya ƙafe, shanun huɗa su kasa jan garma a tsakiyar damina, daidai lokacin da manomi ba ya da wani abin dogaro sai su. In an yi sa'a an yanka kafin ya faɗi, mahauci ya ce maka naman ya yi ruwa, ya ba ka abin da ya ga dama. Wannan farin dasashin ku riƙe shi a zuciya, za mu dawo kansa.

Mai kawo ciwon dai ƙudan tsando ne, wanda ke zaune a kurmi da duhuwar bakin rafi, mu kuwa Allah Ya zaunar da mu a ƙasar da ba ta rasa waɗannan ba, tun daga bakin kogin Kontagora da na Mariga har dajin Zugurma. In tsando ya ciji dabba sai ya zuba mata wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani sai da madubin likita, siririya ce mai 'yar wutsiya, tana iyo a cikin jini kamar kifi a ruwa. Masana na kiranta tiripanosoma. Iri uku ne suka fi addabar shanu, an raɗa musu suna vivax da congolense da brucei. Ta farkon ma ba lallai sai da tsando ba, ƙudan bobuwa na iya ɗaukarta a baki daga wannan saniya ya kai wa waccan, shi ya sa wani lokaci za ka ga sammore a inda Fulani suka rantse maka babu tsando. Akwai kuma wata 'yar'uwarsu mai kama mutane, ita ce ke kawo ciwon barci.

Wannan cuta ta daɗe tana juya tarihin ƙasar nan. Ita ce ta sa doki bai iya daɗewa a kurmi, ita ce ta sa Bafulatani yake gudu Arewa da damina ya gangaro da rani. Iyayenmu fatake, kafin zuwan tirela, da ƙafa suke kora shanu ta Mokwa su haye Jabba su nufi Ilori da Ibadan, kuma kowa ya san lissafin wannan tafiya: in ka yi jinkiri a hanya, abin da za ka kai kudu ƙashi ne da fata. Tun a 1895 wani likitan sojan Ingila mai suna David Bruce ya gano ƙwayar a jinin shanu a ƙasar Zulu, can kudancin Afirka. A nan Arewa kuwa ciwon barci ya yi ɓarna ƙwarai a shekarun 1930, har Turawan mulki suka sare itatuwan bakin rafuka a ƙasar Anchau ta lardin Zazzau, suka tashi mutane daga ƙauyukansu, suka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. A 1947 aka kafa cibiyar binciken wannan cuta ta Afirka ta Yamma a Kaduna, wadda bayan samun mulkin kai ta koma ta Nijeriya. Kun ga ke nan ba a zauna ba. An san ƙudan, an san ƙwayar, an ma samo allurai. Amma wata tambaya ta daɗe tana ba masana wahala, tambayar da kowane mahauci zai iya yi: shin ina jinin saniyar yake tafiya? Abin da tsando ke tsotsa bai taka kara ya karya ba. Ba rauni a jikinta, ba jini a fitsarinta, amma dasashi ya yi fari. Wa ya sha?

A nan ne mutuminmu ya shigo. An haifi Andrew Nok ranar 11 ga Fabrairu, 1962, shekarar da aka buɗe ita kanta Jami'ar Ahmadu Bello. Asalinsa mutumin Nok ne ta ƙasar Jaba a kudancin Jihar Kaduna, garin nan da aka tono tsofaffin mutum-mutumin yumɓu da duniya ta san su da sunansa. A Zariya ya yi digirinsa na farko a 1983, na biyu a 1988, na uku wato na dakta a 1993, a nan kuma ya koyar har ya zama farfesa, ya riƙe shugabancin tsangayar kimiyya. Muna so samarin nan na baya su ji wannan da kyau: duk digirorinsa uku a Samaru ya yi su. Ya fita waje daga baya, ya yi aiki da masana a Japan da Jamus, amma da ya je, da kayansa ya je.

Fanninsa shi ake kira bayokemistiri, wato ilimin sinadaran da ke aiki a cikin jikin mai rai. Likita yana duba maras lafiya, likitan dabbobi yana duba saniya, shi kuwa mai wannan ilimi yana shiga can ciki ne ya ga wane sinadari ke narka abinci, wane ke ɗaure jini, wane ke kwance shi. A cikin waɗannan sinadarai akwai wasu da ake kira inzayim, su ne ma'aikatan jiki, kowane da sana'arsa guda ɗaya tak. Wani aikinsa ɗinki, wani aikinsa yanka. Nok ya bi wani mai yanka ne.

Adalci ne mu faɗi cewa ba shi ya fara share wannan gona ba. A farkon shekarun 1980 wani malamin likitancin dabbobi a nan Zariya, Farfesa K.A.N. Esievo, da abokan aikinsa sun lura da wani abu a jinin shanun da suka kamu da sammore. Bari mu kwatanta muku da abin da muka sani. Jini ja ne saboda wasu ƙananan ƙwayoyi jajaye da ke yawo a cikinsa suna kai iska ko'ina a jiki. Kowace ƙwaya tana da wata shaida a bayanta, wani irin sukari da ake kira siyalik asid. Ku ɗauke shi kamar takardar da ake ba ka a kara in ka sayi dabba, wadda ke nuna cewa wannan saniya taka ce, ba ta sata ba ce. Saifa da hanta kuwa su ne masu tsaron ƙofa. Duk ƙwayar da ta zo da takardarta sai su bar ta ta wuce. Idan ƙwaya ta tsufa, a jikin mutum bayan kamar kwana 120, takardar takan goge, sai masu tsaron ƙofa su kama ta su haɗiye, ɓargo ya ƙero sabuwa. Haka Allah Ya tsara, kuma tsari ne mai kyau.

To abin da su Esievo suka gani shi ne, a jikin saniya mai sammore, wannan shaida tana raguwa a bayan ƙwayoyin jini tana ƙaruwa a cikin ruwan jinin, alamar cewa akwai mai kankare ta yana zubarwa. Ƙwaya sabuwa dal, lafiyayya, sai ta iso ƙofa ba takarda, masu tsaro su cafke ta. Su ba su yi laifi ba, aikinsu suke yi. Ashe saniya da kanta take cinye jininta, saifarta ce ke sha, shi ya sa ma in an feɗe irin wannan dabba sau da yawa akan tarar saifar ta kumbura. Har ila yau su ne suka auna jinin ƙananan shanun nan na kurmi da ake kira Ndama, masu jure wa tsando, suka tarar shaidar da ke bayan ƙwayoyin jininsu ta fi ta irin namu masu tozo yawa nesa ba kusa ba. Ana ganin wannan na daga cikin dalilan da suka sa Ndama ke kiwo a inda Bunaji da Rahaji da Gudali ba su iya kwana.

Saura a kama mai kankarewa. Wannan shi ne aikin da Nok da ɗalibansa suka duƙufa a kai shekara da shekaru. Askar da ƙwayar cutar ke amfani da ita wani inzayim ne mai suna siyalides. Faɗin sunan ba wuya, kama shi ne aiki. Sai an raini ƙwayar cutar a jikin ɓeraye har ta yi yawa, a ɗebi jinin, a ware ƙwayoyin cutar daga ƙwayoyin jini, a farfasa su, a tace, a sake tacewa, a sake tacewa, har a fitar da wannan sinadari ɗaya daga cikin dubbai, kamar mai neman allura a rumbun gero. Bayan an same shi sai a tambaye shi halinsa: a wane zafi yake aiki, a wane tsami yake mutuwa, me ke sa shi sauri, me ke dushe kaifinsa. Duk wannan kuma da sanyi ake yinsa, in firji ya huce na 'yan sa'o'i aikin wata uku ya lalace. Ku da kuke sayar da ƙanƙara da lemo kun san abin da muke nufi da riƙe firji da sanyi a ƙasar nan.

A 2003 shi da ɗalibinsa Emmanuel Balogun suka wallafa abin da suka samu a kan askar congolense, suka nuna yadda fitowarta a jini ke tafiya tare da ƙarewar jinin dabba. A shekarar dai suka wallafa wani a kan irin da ke kama raƙuma, wanda ake kira evansi. A 2006 kuma, tare da L.B. Buratai da shi Esievo da wasu, suka bayyana halin askar vivax. Ɗaya bayan ɗaya suka bi dangin nan suna kwance musu zani a kasuwa.

Wani zai ce, to an san askar, sai me? Ga amfanin. Abin da ya hana a samu rigakafin sammore tun tuni shi ne wayon ƙwayar. Jikin dabba yana da dakarunsa, in baƙo ya shigo sukan gane shi da rigarsa su far masa. Allurar rigakafi ba komai ba ce illa nuna wa dakarun nan rigar ɓarawo tun kafin ya zo. To ita wannan ƙwaya, musamman brucei, tana da riguna fiye da dubu a adaka. Dakaru su gane ta da farar riga su kashe mafi yawa, 'yan kaɗan su sauya baƙa su hayayyafa, kafin a gane baƙar an sa shuɗiya. Shi ya sa zazzaɓin sammore yake zuwa ya tafi ya dawo, ka ce saniya ta warke, bayan mako ta sake kwanciya. Tunanin Nok da masu ra'ayi irin nasa shi ne, tunda ɓarawon nan riga yake sauyawa, a bar bin riga, a bi askar da ke hannunsa, domin ita ba ya sauya ta yadda yake sauya riga. In an koya wa jiki ya gane askar, ko aka samo maganin da zai dushe ta, ko ƙwayar ba ta mutu ba jinin saniya zai tsira, kuma ƙarewar jinin nan ita ce ke kayar da dabba. Wannan ba tatsuniya ba ce, domin ƙwayar mura mai tsanani ita ma tana da aska irin wannan, kuma maganin nan Tamiflu da aka fara sayarwa a 1999 aikinsa ke nan, dushe ta.

Daga askar sai ya wuce zuwa maƙerarta. Kowane sinadari a jikin mai rai akwai rubutaccen umarnin yadda za a ƙera shi a cikin ƙwayoyin gado. A kan aikinsa na gano umarnin da ke ƙera wannan aska ne kamfanin iskar gas na NLNG ya ba shi babbar kyautar kimiyya ta Nijeriya a 2009, wadda a lokacin dala 50,000 ce. Daga baya aka ba shi lambar NNOM, wadda ita ce mafi girma da ƙasar nan ke ba masu ilimi. A 2013 kuma gidauniyar Alexander von Humboldt ta Jamus ta ba shi kyautar Georg Forster, ya yi aiki tare da masana na Jami'ar Bremen waɗanda su ma wannan aska suke bi.

A nan muna so mu yi magana tsakaninmu da Allah, domin ba yabon makaɗa muka zo yi ba. Mutane da yawa da suka ji labarin kyautar 2009 sun ɗauka an gama da sammore, gobe allura za ta iso kasuwa. Ba haka ba ne. Har yau da muke tsaye a gabanku babu allurar rigakafin sammore ta shanu, babu ta ciwon barci ta mutane, ba a Nijeriya ba, ba a ko'ina cikin duniya ba. Abin da Nok ya yi shi ne ya nuna ƙofa ya kuma fara sassaƙa mabuɗi. Tsakanin abin da ya yi aiki a jikin ɓera da abin da za a tsira wa bijimi a Tungan Kawo akwai tafiya mai nisa, akwai kuɗi masu yawan gaske, kuma manyan kamfanonin magani ba su cika zumuɗin zuba dukiyarsu a kan ciwon da masu shi talakawa ne ba. Mu 'yan kasuwa mun fi kowa gane wannan lissafi, ko da bai yi mana daɗi ba.

Wani ɓangare na aikinsa da zai ba iyayenmu mata sha'awa shi ne na itatuwa. Bai raina abin da makiyaya da masu maganin gargajiya ke faɗi ba, amma kuma bai karɓa ido rufe ba, sai ya kai ɗakin gwaji. A 1993 shi da abokansa sun gwada ganyen dogon yaro a kan ƙwayar cutar, a 1996 suka wallafa yadda sinadarin tafarnuwa ke kashe ta, a 2004 kuma shi da A.U. Wurochekke suka bi wasu itatuwan da ake maganin sammore da su a Arewa suka auna ƙarfinsu. Sai dai don Allah kada wani ya tashi daga nan ya je ya ɗura wa saniyarsa tafarnuwa ya ce mu muka faɗa. Abin da ya kashe ƙwaya a cikin kwalba daban, abin da zai kashe ta a jikin dabba mai kilo 300 ba tare da ya taɓa hantarta ba daban. Ya kuma taɓa dafin maciji, ya taɓa ciwon harbin daji tare da N.M. Useh, domin ƙwayar harbin daji ita ma da irin wannan aska take aiki. Mutum ne da in ya kama sinadari ɗaya sai ya bi shi duk gidan da ya shiga.

Amma in kun tambaye mu, abin da ya fi kyaututtukan nan nauyi shi ne mutanen da ya bari. A wajenmu na Islamiyya ba a auna malami da yawan littattafan da ke ɗakinsa, da almajiransa ake auna shi, su wa suka yi sauka a hannunsa, su wa suka buɗe makarantu bayansa. To ashe su ma 'yan boko haka abin yake. Sunayen nan da muka ambata a kan takardunsa, da yawansu matasa ne a lokacin, yau su ne malamai. Balogun ya je Japan ya ci gaba da bin wannan cuta ta wata ƙofar, ya dawo Zariya. Wurochekke ya koyar a Yola, Buratai a Maiduguri. Nok ya shugabanci cibiyar binciken fasahar halittu ta jami'ar, sa'annan da Bankin Duniya ya fito da shirin kafa manyan cibiyoyin bincike a jami'o'in Afirka a 2014, yana kan gaba wajen kawo wa Zariya cibiyar cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. Ɗalibi daga Kontagora ko Rijau ko Mashegu da ke son koyon aikin ƙwayoyin gado, yau yana iya farawa a Samaru ba sai ya nemi biza ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga uba mai 'ya'ya goma.

A 2015 Gwamna Nasiru el-Rufa'i ya naɗa shi kwamishinan lafiya na Jihar Kaduna, daga baya ya mai da shi ma'aikatar ilimi. A zamaninsa ne a 2017 aka yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar nan da aka ce 21,780 ba su kai makin da ake so ba, abin da ya jawo ƙura ƙwarai, kuma har yau in an tayar da zancen sai an rabu biyu. Ba wannan ya tara mu ba, ba kuma za mu yanke hukunci a kai ba. Namu ra'ayin dai shi ne, kwamishina ana iya samu a kowace unguwa, amma wanda ya san halin siyalides kamar yadda makiyayi ya san shanunsa, a ƙasar nan ba su da yawa, kuma mun so a ce an bar shi a ɗakin gwajinsa an cika masa shi da kayan aiki. Ya rasu ranar 21 ga Nuwamba, 2017, yana da shekara 55, shekarun da yawancinmu da ke kan wannan tabarma muke ciki ko muka wuce.

Bayan rasuwarsa an samu ci gaba. Ta wajen mutane, a 2018 aka amince da wani magani na haɗiya mai suna fexinidazole, alhali a da akwai allurar da ake yi wa wanda ciwon ya kai wa ƙwaƙwalwa, mai ɗauke da guba, wadda ita kanta takan kashe kamar mutum 5 cikin 100. A shekarar ce kuma yawan waɗanda aka samu da ciwon barci a duniya ya sauko ƙasa da 1,000. Ta wajen shanu, a 2021 wasu masana a Ingila sun wallafa cewa sun samo wani sinadari a jikin vivax wanda ba ya sauyawa, suka yi rigakafi da shi ya kare ɓeraye. Ba askar Nok ba ce, wani wurin suka kama, amma dabarar ita ce dai: bar riga, nemi abin da ɓarawo ba ya iya canzawa. Kada kuma mu ɗebe tsammani. Dattawan nan sun ga abin da bushiya ta yi wa garkunan ƙasar nan a 1983, amma da rigakafi aka bi ta har aka yi shelar ƙarewarta a duniya a 2011.

To kafin wannan rana ta zo, me ke hannunmu? Allurai ne tsofaffi. Berenil tun 1955 yake, Samorin tun farkon shekarun 1960, kuma a kasuwa ba mu da wasu sababbi da suka gaje su. Samorin ɗin nan da muke ce wa rigakafi, ba rigakafi ba ne irin na bushiya. Magani ne da ke zama a jiki yana tsare dabba na 'yan watanni, in ya ƙare ya ƙare. Duk wanda ya zo kara da kwalba ya ce muku ga sabuwar rigakafin sammore ta har abada, ku riƙe kuɗinku. Kuma tunda waɗannan kaɗai muke da su, in muka lalata su mun shiga uku, lalata su kuwa muke yi da hannunmu. Ƙaramar ledar nan ta Berenil mai giram 2.36 an auna ta ne don dabba mai kilo 300. Mu kuwa sai a jiƙa guda a raba wa shanu uku don tsimi. Abin da ke faruwa shi ne raunanan ƙwayoyin su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, baɗi ka yi allurar daidai ma ta ƙi ci. Ga kuma jabu. Wani bincike da aka wallafa a 2018 a kan irin waɗannan magunguna da aka sayo a kasuwannin wasu ƙasashen Afirka ta Yamma ya samu kusan rabinsu ba su cika ma'auni ba. Akwai masu sayar da maganin dabbobi a cikinmu, ba mu ce da kowa komai ba, amma kowa ya san inda yake saro kayansa, ya kuma san dalilin da ya sa wani kwali ya fi wani araha.

Har wa yau ba kowace rama ce sammore ba. Ciwon hanta na ramar da saniya, tsutsar ciki na ramarwa, kaska ma na kawo ciwon da ke farar da dasashi. Ɗigon jini ɗaya daga kunne, a ɗora a gilashi a duba da madubi, yakan raba gardama, kuma kuɗinsa bai kai na allurar da za a yi a banza ba. Sa'annan wanda ya yi wa dabba allura yau ya kai ta mahauta gobe, ya sani maganin na nan a cikin naman da 'ya'yanmu za su ci. A tambayi likita kwana nawa ake jira.

Saboda haka muna miƙa wa shugabanni roƙo guda biyu su duba a zamansu na gaba. Na farko, ƙungiya ta nemi likitan dabbobi mai madubi ya riƙa zama da mu a kara ranar kasuwa, ko da sau biyu ne a wata, musamman daga faɗuwar ruwa zuwa kaka, mu masu shanu mu ɗauki nauyin mansa da ladansa, a kuma sayi tef ɗin nan da ake zagaya ƙirjin saniya da shi a san nauyinta kafin a jiƙa magani. Na biyu, a cikin yaran da ƙungiya ke taimaka wa da kuɗin makaranta, in an samu wanda jami'a ta ba bayokemistiri ko likitancin dabbobi, kada a ce masa ya jira baɗi ya sake neman likitancin mutane kamar yadda wasu iyaye ke yi. A biya masa ya tafi.

Shugaba ya nuna mana agogo. Masu tambaya a kan awon magani su same mu bayan an tashi, mun zo da ledar da tef ɗin, za mu gwada a kan bijimin da ke ɗaure a bakin ƙofa.